Malam Lasifika da Buƙatar Rakiya

A jami'ar nan babu wanda ya san shi da wani suna sai Lasifika. Ɗalibai suka laƙaba masa, malamai suka karɓa, har ta kai idan matarsa ta zo nemansa a bakin ƙofa sai ta ce wa maigadi, "Malam Lasifika nake nema," don in ta faɗi sunansa na yanka sai a tsaya ana kallonta.

Lissafi yake koyar da 'yan shekarar farko a babban zauren da ke bayan ɗakin karatu, wanda na'urar maganarsa ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki. Ɗalibai kan cika benci, su cika matakala, wasu su rataye a taga da littafi a gwiwa. Duk malamin da aka tura can, kafin tsakiyar zango muryarsa ta dushe, ya kawo takardar likita yana neman canji. Shi kuwa da aka tura shi sai murya ta buɗe. Yana rubutu a allo ya ba su baya, amma na can ƙarshen taga yana jin kowace kalma.

Ni akawu ne a ofishin magatakarda. Ina kula da fayilolin ma'aikata, kuma idan ƙungiyar malamai ta zauna da hukumar jami'a ni ake kira in rubuta abin da aka faɗa. Ta hanyoyin nan biyu na san shi.

Malamin wucin-gadi ne. Wanda bai san aikin jami'a ba zai ɗauka malami malami ne, tunda alli ɗaya suke riƙewa. Ba haka ba ne. Na dindindin yana da fansho, da katin asibitin ma'aikata, da albashi ko ana hutu. Na wucin-gadi takardarsa ta zango ɗaya ce. Zango ya ƙare, aiki ya ƙare, sai in an sabunta. Ofishinsu tsohon sito ne a ƙarƙashin bene, su uku da tebur ɗaya, kowa da aljihun tebur guda. Nasa shi ne na ƙasa, wanda ba ya rufuwa sai an sa masa ƙafa.

Farkon kowane zango yakan leƙo ta tagar ofishinmu.

"Akawu, an sake haihuwata?"

"An sake, Malam. Ga takardar."

"To, Allah ya raya," ya ce, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kusan shekara ashirin muna wannan wasa.

Layinmu ɗaya da shi, bayan garejin masu gyaran mota. Ɗaki biyu yake haya. Na gaba matarsa ta mayar shagon ɗinki da rana, na ciki kuma mahaifiyarsa ce da 'yan biyunsa mata. Farfesa tsohuwar take kiransa tun ranar da ya fara aiki, kuma babu wanda ya taɓa gyara mata. Tana da hawan jini. Duk wata yakan kai ta asibitin gari su bi layi tun safe, alhali asibitin ma'aikata yana nan daf da zauren da yake koyarwa, kujerunsa rabi babu kowa.

Ƙungiya ta yarda na wucin-gadi su shiga, su biya kuɗin ƙungiya, su zauna a baya. Da yawansu suna zuwa ne don kada a ce ba su zo ba. Shi da zuciya ɗaya ya shiga. Shi ke jera kujeru kafin taro. In an shiga yajin aiki, shi ke tsayawa a bakin ƙofa yana ba da waƙa ana amsawa, har masu shago a ƙetaren titi su san an fara. Kuma yajin ya fi cinsa fiye da kowa, domin na dindindin in an sasanta ana biyansu abin da aka riƙe, shi kuwa darasin da bai koyar ba ya tafi ke nan. A irin lokutan nan keken ɗinkin matarsa ke riƙe gidan.

Akwai wata doka da ƙungiya ke alfahari da ita, kuma shi ya kawo ta. A shekarun baya an taɓa zaman sulhu inda farfesoshi biyu na ƙungiya suka kama musu da juna a gaban hukuma, ɗaya na cewa a karɓa, ɗaya na cewa a ƙi. Hukuma ta naɗe hannu tana kallo, daga baya ta rage tayin da ta yi. A babban taron da ya biyo baya Lasifika ya miƙe daga kujerun baya ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya nemi a kafa doka cewa a teburin sulhu shugaba kaɗai ke magana, wanda ya buɗe baki a fitar da shi daga kwamiti. Aka yi ta tafi. Har alama ya ƙirƙiro musu: in an ga wani na shirin magana, sai a ɗora yatsu biyu a leɓe. Dokar Lasifika ake ce mata. Ya taɓa tsayar da wani dakta a gaban taro saboda ya karya ta, bai zauna ba sai da aka cire mutumin.

Akwai kuma wata al'ada da ba a rubuta ba. Duk lokacin da ƙungiya za ta zauna da hukuma takan zo da jerin buƙatu, kuma ta ƙarshe kullum ɗaya ce: a tabbatar da malaman wucin-gadi a aiki. Wani tsohon shugabansu ne ya koya musu cewa ba a shiga ciniki sai da abin da za a iya sakewa. In magana ta cije, sai a janye ta ƙarshen, a ce an yi sassauci, a nemi hukuma ita ma ta sassauta. 'Yan kwamiti suna ce mata 'yar rakiya, domin takan raka su har bakin tebur ta juya. Ba ɓoyayyen abu ba ne. Lasifika ma ya san sunan.

"Ku bar su su faɗa," yakan ce wa abokan teburinsa. "Ɗan rakiya ma wata rana mota kan tashi da shi."

Abin da ya sa shekarar nan ta bambanta shi ne ƙa'idar ɗaukar aiki. A jami'armu ba a ba wanda ya cika hamsin aikin dindindin. Lasifika saura masa 'yan watanni, kuma ba a zaman sulhu sai bayan shekara uku-uku. In ba a wannan zama ba, to babu.

Ya bi ofis-ofis yana neman goyon baya. Ya tare malamai a wurin ajiye motoci, ya tare su a layin banki. A ƙarshe babban taro ya amince a ba na wucin-gadi kujera ɗaya a kwamitin sulhu, abin da ba a taɓa yi ba, kuma ba a yi musun wanda zai hau ta ba.

Ana jibi za a fara zama na je shagon matarsa karɓar wandona. Na tarar tana gwada masa sabuwar riga, bakinta cike da allurai, shi kuma ya ware hannuwa kamar mai shirin tashi sama.

"Tsaya mana, Baban 'yan biyu. Sai rawar jiki kamar za a naɗa ka shugaban jami'ar."

"Kujera fa suka ba ni a teburin."

"Kujera. Ai kujera kam ka saba da ita, shekara nawa kana jera musu." Ta cire allura ɗaya ta soke a kafaɗa. "In ka shiga, ka yi magana."

"Shugaba ke magana. Doka ce."

"Dokar wa?"

"Tawa."

"To, ka ji," ta ce da ni. "Mutumin da ba ya barinmu mu yi barcin rana saboda murya, shi aka zaɓa ya je ya yi shiru."

Ya yi dariya har allura ta soke shi. Ya ce zamansa a wurin kaɗai ya isa, domin babu shugaban da zai janye buƙatar mutum alhali mutumin na zaune a gefensa. Daga ciki tsohuwa ta ɗaga murya tana tambaya ko Farfesa ne zai yi tafiya.

A ɗakin majalisa ake zaman, a bene na biyu. Dogon tebur ne, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa. Ta wannan gefe mataimakin shugaban jami'a, da magatakarda, da ma'aji. Ta wancan gefe shugaban ƙungiya, farfesa ne mai taushin murya da son gyara tabarau, sai sakatarensa da sauran 'yan kwamiti. Lasifika a ƙarshen layi, daf da ni, cikin sabuwar riga. Ya zo da fayil cike da sunayen na wucin-gadi da shekarun da kowa ya yi, ya ajiye a gabansa ya ɗora hannu a kai.

Zama biyu na farko aka yi su a kan albashi. A na uku magana ta cije a kan alawus ɗin bincike. Ma'aji ya ce babu kuɗi, shugaba ya ce akwai, aka yi ta juya magana ɗaya har ruwan gorunan da ke tebur ya yi ɗumi. Can shugaba ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Na san wannan gogewar, na gan ta a wurin shugabanni uku kafin shi.

"Domin nuna kyakkyawar niyya," ya ce, "ƙungiya ta janye buƙatarta ta ƙarshe. Muna fata hukuma za ta sake duba alawus."

Babu wanda ya nemi ya janye. Ko kusa da buƙatar ba a kai ba.

Magatakarda ya ɗago kai ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi mataimakin shugaban jami'a.

"Shugaba," magatakarda ya ce, "ta na wucin-gadi kake nufi?"

"Ita."

"Kun janye ta gaba ɗaya?"

"Mun janye."

Magatakarda ba mai maimaita tambaya ba ne. Amma ya juya kujerarsa ya kalli ƙarshen tebur.

"Duk kwamitin ya amince da haka?"

Ina jin numfashin Lasifika a gefena. Ya ja iska irin wadda yake ja kafin ya fara darasi, ƙirjinsa ya ɗaga, hannunsa ya danne fayil. Sakatare ya leƙo ta gaban mutum biyu, ya ɗora yatsu biyu a leɓe.

Lasifika ya kalli yatsun. Ya saki iskar a hankali ta hanci.

Magatakarda ya ɗan jira. Sannan ya ce, "A rubuta, Akawu." Na rubuta. Bayan ɗan lokaci hukuma ta ƙara wani abu a kan alawus, aka tashi shan shayi.

A baranda ne ma'aji ya sami Lasifika. Ma'ajinmu mutum ne da ba ya tauna magana, ya riƙe kofi yana motsa sukari.

"Malam, me ya kama bakinka? Kai da ake ji daga titi."

Lasifika ya juyo da kofinsa a hannu.

"Ai buƙatar nan taku ta ƙarshe mun zo da ita a aljihu," ma'aji ya ce. "Masu duba ingancin jami'o'i sun ce na wucin-gadi sun yi mana yawa, majalisar jami'a ta ba mu izinin tabbatar da ku tun kafin a zauna. Ita ce mafi arha a duk jerinku. Mun ajiye ta ne sai magana ta cije mu miƙa muku, mu ce mun yi sassauci. Sai ga shugabanku ya riga mu." Ya kurɓi shayi. "Da mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, da magatakarda ya ɗage maganar zuwa gobe. Shi ya sa yake ta tambaya."

"To ku bayar mana, Yallaɓai. Tunda kuna da izini."

"A kan me? Majalisa za ta tambaye ni me na karɓo a madadinta. Wa ke biyan kuɗin kayan da aka ba shi kyauta?"

Lasifika ya ajiye kofinsa a bakin taga bai sha ba, ya bi shugaba har ƙofar banɗaki. Ina tsaye kusa ina jiran a koma, kuma ko raɗa yake yi ana ji.

"Shugaba, a mayar da ita."

"Malam, an rubuta."

"Abin da aka rubuta ana sake rubuta wani. Sun zo da niyyar bayarwa. Ma'aji ya faɗa min da bakinsa."

Shugaba ya tsaya. Na ga maganar ta shige shi, domin ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya gyara tabarau.

"In na koma na ce a mayar, za su ce in ajiye alawus ɗin da suka ƙara. Kana so in tsaya a gaban malamai in ce na mayar da kuɗinsu?"

"Ka ce ka sayo mana aiki da shi."

"Ku ba ku da ƙuri'a da yawa, Malam, ka san haka. Zagaye mai zuwa ita za mu sa a farko. Na yi maka alkawari."

"Ba ni da zagaye mai zuwa."

"Ai da ka tuna min kafin mu shiga."

"Na tuna maka. A ofishinka, da a motarka, da a gidan sunan jikarka."

"To, da ka taɓa ni a teburin."

"Doka ta hana."

"Ka ga ni ban kawo ta ba," shugaba ya ce, ya tura ƙofa ya shiga.

Aka koma aka gama. Lasifika ya zauna har ƙarshe, ya sa hannu a inda 'yan kwamiti ke sa hannu. Fayil ɗinsa bai buɗe shi ba ko sau ɗaya.

Washegari aka kira babban taro a zauren nan nasa, domin shi ne mafi girma. Na kai kwafin yarjejeniya. Kamar kullum na'urar magana ba ta aiki, kuma kamar kullum aka miƙa masa takardar ya karanta. Ya karɓa. Ya karanta ƙarin albashi, aka yi tafi. Ya karanta alawus ɗin bincike, aka yi ihu. Ya karanta rumfar da za a yi wa motocin manyan malamai, aka yi dariya ana tafi. Bai tsallake kalma ba, bai kuma rage murya ba. Da ya kai ƙarshe ya ninke takardar.

Daga kujerun baya ɗaya daga abokan teburinsa ya miƙe.

"Malam, tamu fa?"

Ya ba shi amsa, amma ba a ji ba. Na gaba-gaba ne suka juya suna isar da ita baya, layi bayan layi, cewa ya ce ta yi rakiya. Kafin ta isa can an riga an ɗaga shugaba sama ana zagaya zaure da shi.

Da yamma na wuce ta ƙofar shagon. Rigar tana rataye a ƙusa, matarsa na kan keke ba ta ɗago ba. Na yi sallama ta amsa, ta ce, "Akawu, kai kana wurin. Ya yi magana?" Na ce abin da aka faɗa a ɗakin ba nawa ba ne da zan fitar. Ta ce, "Ka ba ni amsa," ta ci gaba da taka keke.

Ya cika hamsin ana tsakiyar jarrabawa. Da sabon zango ya shigo ya zo tagarmu, ya miƙa hannu, na ba shi takarda, ya sa a aljihu ya tafi. Tun daga nan ba mu sake wasan haihuwa ba.

Bai fita daga ƙungiya ba. Kuɗinta ake cirewa daga abin da ake biyansa, bai taɓa zuwa ya ce a daina ba. Kujeru ne dai ya bar jerawa. Tsohuwarsa ta rasu bayan shekara guda a asibitin gari, a kan gadon da suka samu da ƙyar a baranda, tana kiransa Farfesa. Ƙungiya ta aiko da wakilai uku, shugaba ya yi jawabi mai kyau a kan sadaukarwa.

Bayan shekara uku masu duba inganci suka dawo suka matsa, hukuma ta tabbatar da na wucin-gadi ba tare da an roƙe ta ba. Duk wanda bai kai hamsin ba ya samu. Ni na buga takardun. Abokan teburinsa biyu suka hau bene, kowa da ofis da labule. Cikin waɗanda aka tabbatar har da waɗanda ya koya wa lissafi suna rataye a taga. Ƙungiya ta buga sanarwa cewa gwagwarmayar shekara da shekaru ce ta haifar da ɗa mai ido. Su huɗu suka rage a duk jami'ar, waɗanda shekaru suka wuce da su, kuma shi ne babbansu.

Na leƙa shi a ƙarƙashin bene kwanakin baya, na kai masa takardun jarrabawa. Yana zaune shi kaɗai, ya jera tarin takardu a kan teburin daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ka ga ci gaba, Akawu," ya ce. "Aljihun tebur uku, duk nawa."

Muna nan sabon sakataren ƙungiya ya shigo, yana sunkuyar da kai saboda benen. Tsohon ɗalibinsa ne, mai ladabi, har ya rusuna. Ya ce za a sake zama da hukuma, in ba a daidaita ba akwai yiwuwar yaji, kuma kowa na cewa bakin ƙofa ba ya armashi in babu Malam. Ya miƙa masa jerin buƙatun bana.

"Ba mu manta da ku ba, Baba. Duba ƙasa."

Lasifika ya sa tabarau, domin yanzu ya fara sawa. Ya bi jerin da yatsa har ƙasa. Buƙata ta ƙarshe ta ce a duba lamarin malaman wucin-gadi da shekarunsu suka wuce ƙa'ida.

"Wa ya ce a sa ta a nan?"

"Nan muka tarar ana sa irinta, Baba."

"Dokar shiru fa, tana nan?"

"Tana nan daram. Har yanzu da sunanka ake kiranta."

Ya mayar masa da takardar, ya jawo ta ɗalibi ta sama, ya cire murfin jan biro.

"Za ka zo, Baba?"

"Ina da aji," ya ce. "Ka ja min ƙofar, ba ta rufuwa da kanta."